Maharazu da Zinaren Garin Buhu

Duk wanda ya tashi a Soron Ɗinki ya san Maharazu. In bai san shi don ƙira ba, to ya san shi don ƙyanƙyami. Maƙerin fari ne, ba ruwansa da fartanya ko gatari, shi dai 'yan kunne da sarƙa da zobe, sana'ar da ya tarar a hannun mahaifinsa. Shagon nasa ɗan mitsitsi ne a gefen zauren gidansu, amma yadda yake share shi sau uku a yini sai ka rantse ɗakin amarya ne.

Haka Allah ya yi shi tun yana ɗan ƙanƙani. In an zuba wa yaran gida tuwo a kwano ɗaya, wani ya suɗe yatsa ya mayar cikin miya, shi ke nan Maharazu ya tsame hannu, gara ya kwana da yunwa. Uwarsu ta yi dukan, ta yi lallashin, ta gaji. Yayarsa 'Yardada, wadda ta goya shi, ita ta gano maganin abin: tun kafin kowa ya sa hannu take yanko masa nasa a murfin kwano. Da ya girma abin bai ragu ba, sai ma abin da ya yi gaba. Bai taɓa cin tsiren da aka naɗe a jarida ba. Bai taɓa shan ruwa a moɗar masallaci ba. Mace ta zo shago ta zare ɗan kunne daga kunnenta ta miƙo masa, ba zai karɓa da hannu ba, sai ya turo mata wani ɗan kwano mai ruwan zafi da kanwa.

"Jefa a nan, Hajiya."

"Kai Malam Maharazu! Kunnen nawa kuturta gare shi?"

"Allah ya kiyaye, Hajiya. Jefa dai."

Su yi ta mita, gobe kuma su dawo, don hannunsa daban ne, kuma bai taɓa cakuɗa wa kowa tagulla ba.

Abu ɗaya ne a duniyar nan yake kaiwa baki bai wanke ba, ɗanyen zinare irin wanda fatake suke kawowa daga hamada. In hannu biyu sun kama aiki, ɗaya da awartaki ɗaya da guduma, sai ya ɗan riƙe gutsuren a leɓe yadda tela yake yi da allura. Cewa yake wannan kam daga cikin ƙasa ya fito, jikin ɗan Adam bai taɓa shi ba, ya fi ruwan sama tsarki.

To yana da 'ya mace guda ɗaya tal, Sumayya, bayan maza huɗu. Ranar da aka sa mata rana, wata uku, Maharazu ya zaunar da matarsa Hasana da Yaya 'Yardada a tsakar gida, ya ce ya yi wa kansa alkawari. Sarƙa da 'yan kunnen da 'yarsa za ta shiga ɗakinta da su, shi zai ƙera da hannunsa, kuma da zinaren da bai taɓa hawa jikin kowa ba.

Hasana ta ce, "To ba ga ɗanye nan ana kawowa kasuwa ba?"

Ya girgiza kai. Wai ashe makon da ya wuce wani ya tsegunta masa cewa yanzu wasu narka tsohon kaya suke yi su haɗa da ɗanyen, tsofaffin awarwaro, har da haƙoran Makka na mutane.

"Haƙori fa, Yaya! Daga bakin wani! Ni can zan je inda ake haƙowa, in ga fitowarsa daga rami da idona. Ba ga Nata'ala a can ba?"

'Yardada ta saki baki. Shi Nata'alan nan taubashinsu ne, ɗan ƙanwar mahaifinsu. Da can kayan ciki yake sayarwa a Ƙofar Ruwa, shekara shida ke nan da ya bi 'yan haƙar zinare, wani wuri gaba da Agadas da kwana uku.

Ta ce, "Kai ɗin? Kai da ka je Wudil biki ka kwana a zaune don katifar mutane? Kuma wurin Nata'ala, mutumin da yake fyace majina ya goge a riga ya ci gaba da cin ƙosai? Maharazu, ka rufa mana asiri."

Ina! Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Ya sayar da babur ɗinsa da wani ɗan fili da ya gada, ya ɗauki kofinsa da butarsa da sabulu sanda uku da ɗan ƙarfen da yake buga alamarsa da shi, ya kama hanyar Damagaram.

Har Agadas dai da sauƙi. Daga nan ne aka loda su a bayan akori-kura, mutum ashirin da wani abu, kowa ƙafafu a waje, an kafa masa sanda a tsakanin cinya ya riƙe kar ya faɗo. Na bayansa wani ƙato ne mai tari, duk tarin da zai yi a ƙeyar Maharazu yake sauka, da ɗuminsa. Ruwan sha a jarkar da aka taɓa zuba man dizal yake, kofi ɗaya ne ke zagayawa. Ya zaro nasa kofin aka zuba masa, kafin ya kai baki mai tarin nan ya ce "Bismillah" ya karɓe ya shanye ya miƙa wa na gaba. Kofin bai dawo hannunsa ba sai da ya zaga mutum tara. Ya riƙe shi da gefen riga ya jefa a jaka, bai ƙara fito da shi ba.

Rana ta uku da hantsi, tun ba su ga gari ba suka ji shi. Wani irin wari ne, na mushe da fitsari da hayaƙin dizal, iska ta kwaso ta watsa musu a fuska. Direba ya leƙo ya ce, "Kun ji ƙamshin arziki? Mun iso Garin Buhu."

Sunan kuwa ya dace. Ba gini ko ɗaya, ba bishiya ko ɗaya, ko tsuntsu babu. Bukkoki ne na buhunan shinkafa da na siminti an ɗinke an rataya a sanduna, sun yi dubu, a kwance cikin baƙin dutse. Ko'ina ramuka. Ko'ina ƙarar inji. Leda da gwangwanin kifi da ƙashin akuya har gwiwa a wasu wuraren. Ƙudaje kuwa ba sa tashi in an kore su, sai dai ka share su da hannu kamar gero. Mutane na kowace ƙasa suna ta kai da kawo, amma ba ka gane fari ba ka gane baƙi, ƙura ta mai da kowa launi ɗaya, ido kawai ke motsi.

Yana tsaye yana toshe hanci da rawani sai ya ji an rungumo shi ta baya an ɗaga shi sama.

"Sarkin Tsafta! Sarkin Tsafta da kansa a garinmu! Jama'a ku kawo darduma!"

Nata'ala ne. Gemu ya cukurkuɗe, singiletin jikinsa ba a san asalin launinta ba, wuyansa ya yi dauɗa hawa-hawa har tana tsagewa.

Maharazu ya fizge jikinsa. "Sake ni, Ƙazami! Yaushe rabonka da wanka?"

Nata'ala ya ɗaga ido sama yana tunani. "Sallar layya. Ba wannan da ta wuce ba fa."

"A'uzubillahi!"

"To da me za a yi? Ruwa a nan tanka ke kawowa daga tafiyar kwana biyu. Wanda ya yi wanka ai almubazzari ne. Nan taimama muke, taubashi. Yashi ne ruwanmu, kuma ga shi nan ba ya ƙarewa."

Ya ja shi bukkarsa. Su shida ne a ciki, tabarma ɗaya, bargo biyu masu maiƙo. Aka kawo taliya da kifin gwangwani a wani faranti da mai abincin ya goge da yashi sannan ya bi da gefen zaninsa. Mutum shida suka zuba hannu, farce baƙi ƙirin. Maharazu ya ce azumi yake. Ya tambayi inda ake zagawa, Nata'ala ya nuna masa bayan wani tudu ya ce ya bi a hankali, ya riƙa duba ƙasa. Ya je, ya tarar da fili ne fetal ba ko katanga, ba wurin da za ka sa ƙafa, ga mutane a tsugune jere suna hira har da gaisawa. Ya juyo bai yi ba. Kwana huɗu ya yi a garin nan a kan dabino da biskit, sabulunsa uku ko ledarsu bai ɓare ba.

Amma abin da ya kai shi bai manta ba. Washegari ya sa Nata'ala ya kai shi bakin raminsu, ya tsaya a rana yana kallo aka jawo buhun dutse da igiya daga can ƙasa. Ya bi buhun har wurin injin niƙa. Ya bi garin dutsen har wurin wanki. A nan ne ya kusa komawa gida hannu biyu. Wani kududdufi ne da aka shimfiɗa wa tamfol, ruwan ciki ya yi kore ya yi kauri, wai wata biyu ke nan ba a canza ba, sai dai a ƙara. Maza huɗu na tsaye a ciki har gwiwa suna karkaɗa tasa, ɗaya da gyambo a ƙauri, ɗaya yana tofar da yawun taba a ciki. Aka zuba zaiba, wannan ruwan ƙarfen mai gudu kamar azurfa, ta tattaro zinaren. Mai gyambon nan ya cire hularsa ya juye a ciki ya murɗe ya matse, ya mayar da hular kansa.

Maharazu ya kau da kai. Ya ce a ransa ai ruwa ne kawai da hula, wuta za ta cinye. Ya sayi rabon nan gaba ɗaya, ya ari kasko da wutar gas wurin wani Basudane, ya zauna ya narka da kansa, ya tace, ya zuba curi uku kowanne kamar ƙwayar gyaɗa, ɗaya ya ɗan fi girma. Ya buga musu alamarsa, ɗigo uku. Da suka huce ya ɗora a tafin hannu, rana ta haska su. Wallahi sai da ya yi ƙwalla. Ya ɗauki babban ya kai leɓe ya ɗan riƙe, ya ce, "Alhamdu lillahi. Na Sumayya."

Safiyar da za su taso, Nata'ala ya ce shi ma zai biyo shi, ba za a yi bikin 'yarsa ba ya nan. Maharazu ya fito daga bukka ya tarar da shi zaune da wasu matafiya sun kewaye kwanon man gyaɗa. Kowa na naɗe curinsa a 'yar leda, ya ɗaure, ya ƙone bakin da ashana, ya tsoma a mai. Sai ya ga Nata'ala ya ɗaga kai sama ya jefa ɗaya a maƙogwaro ya bi da ruwa, ƙut!

"Me kake yi haka?"

"Ajiya nake. Kawo naka a naɗe maka."

"Ajiya a ina?"

Nata'ala ya shafa ciki. "A bankin da ɓarawo bai san ƙofarsa ba. 'Yan fashi na tare hanya, taubashi. Takalmi suke farkawa, hula, ɗinkin wando, ba inda ba sa dubawa. In mun isa Agadas lafiya sai kowa ya sauke kayansa."

Maharazu ya tsaya kamar an dasa shi. "Ya sauke... ta ina?"

Duk wurin aka kwashe da dariya. Wani dattijo ya ce, "Malam, ƙofa nawa gare ka?"

Maharazu ya yi ƙasa da murya. "Nata'ala. Ɗanyen da fatake suke kai mana Kano. Shi ma haka?"

"To da a tire ake kai muku? Rabinsa ma sau biyu yake bi, don akwai wata hanyar a gaba."

Shekara talatin! Shekara talatin yana riƙe abin nan a leɓe kamar alewa. Maharazu ya ruga bayan bukka ya yi ta kakari, ba komai a cikin sai ruwan dabino. Ya ɓare sabulu a karon farko ya dirje leɓensa har ya fashe. Da ya dawo ya ce ko za a yanka shi ba zai haɗiya ba, kuma abin wuyan 'yarsa ba zai bi wannan hanyar ba. Ya yarda dai aka naɗe masa a leda, ya cusa a ƙullin tsummar da ya ɗaure a cinya.

Rana ta farko lafiya lau. Ta biyu, rana tsaka, direba ya taka burki ya hau kan mota ya sa hannu a goshi. Can gabas ƙura ce ta miƙe, biyu, suna tahowa da gudu.

Ya ce, "Su ne. Gudu ba zai yi ba, tayarmu ɗaya ta yi sanyi. Wanda bai yi ajiya ba ya yi yanzu."

Nata'ala ya damƙi hannun Maharazu. "Fito da su. Haɗiye!"

Maharazu ya kwance tsummar. Ya kalli ƙurar nan, ya tuna babur, ya tuna fili, ya tuna Sumayya. Ya runtse ido ya jefa ƙaramin a baki. Ya kai maƙogwaro, maƙogwaro ya ce bai san zancen ba. Ya dawo. Ya sake turawa da ruwa, ya sake dawowa har ta hanci, ya faɗo a tafin hannunsa da yawu da komai. Motocin har an fara jin kukansu.

"Ba zai wuce ba, Nata'ala! Wallahi ba zai wuce ba!"

"Kai dai an yi asarar tuwo." Nata'ala ya wawure duka ukun, har da mai yawun, ya watsa a baki ya bi da ragowar ruwan buta. Ya yi gyatsa. "Takwas ke nan. Allah ya sa motar ta ɗauka."

Mutanen suka iso, fuska a rufe, bindiga a hannu. Aka sauke kowa aka kwantar a yashi mai zafi kamar kasko. Yadda Nata'ala ya faɗa haka aka yi. Suka farke takalma, suka yage huluna, suka sa kowa ya tuɓe ya buɗe baki. Wanda ya duba Maharazu yatsa biyu ya zura masa har dasashi, yatsun na warin taba da man inji. Suka kwashe wayoyi da 'yan kuɗin guziri da jarkar mai biyu, wani da ya ɓoye nasa a cikin burodi suka samu suka mare shi, suka yi gaba. Maharazu na kwance yana tofar da yawu, bai san ko kuka zai yi ko godiya ba.

A Agadas suka sauka gidan wani Bakano mai saukar baƙi. Maharazu ya yi wanka sau uku a jere, ya fito ya tarar da Nata'ala ya samo tsohon bokitin fenti da rariya da ɗan kara.

Ya ce, "To Sarkin Tsafta, ni na yi dako. Sauke kaya kuma da mai kaya ake yi. Ni zan riƙe rariya, kai ka zuba ruwa."

"Ba zan iya ba."

"To shi ke nan, duk abin da ya fito nawa ne."

Haka Maharazu ya naɗe hanci da rawani ya zazzaga masa turare, ya tsaya a bayan gida da buta, ya miƙa hannu iya tsawonsa ya kau da kai yana zuba ruwa yana salati. Ƙudajen Agadas suka zo taya su. Nata'ala kuwa yana tona da kara yana waƙa.

"Ga ɗaya! Wannan nawa ne ko naka? Ɗan sa a leɓe mana ka gane."

"Allah ya isa tsakanina da kai."

"Ka ji butulu. Zuba ruwa nan."

Ranar farko biyar suka fito, washegari biyu. Aka wanke, aka yage leda, aka duba alama. Biyar na Nata'ala, biyu masu ɗigo uku. Saura ɗaya, kuma babban ne, wanda shi ne sarƙar. Rana ta uku shiru. Nata'ala ya ce shi fa cikinsa ya kulle.

Nan fa aka ga abin mamaki. Maharazu da kansa ya ranci kuɗi wurin mai masaukin, ya shiga kasuwa ya nemo filasko ya dafa. Ya sa aka yi miyar kuɓewa mai yauƙi ya zauna yana ba shi baki. Ya sayo gwanda. Nata'ala ya ɗan motsa, sai Maharazu ya zabura.

"Yaya dai? Ka ji wani abu?"

"Iska ce."

"Ƙara filaskon."

"Kashe ni za ka yi? Ni tunda nake ba a taɓa kula da ni haka ba. Sayo min nama tukuna."

Ya sayo. Bayan sallar azahar Maharazu ya ɗaga hannu zai yi addu'a, ya ji abin da bakinsa yake roƙo, kunya ta kama shi ya shafa da sauri. Da la'asar sakaliya Nata'ala ya miƙe ya ruga da bokiti, Maharazu na biye da buta ko rawanin bai tsaya ɗaurawa ba. Da karan ya bugi wani abu ya ce ƙwas, wai har kabbara Maharazu ya yi.

Ranar da ya shigo Soron Ɗinki ya rame ya yi baƙi, leɓe duk a fashe, 'Yardada ta rangaɗa guɗa tun daga zaure har maƙwabta suka fito. Ta riƙe fuskarsa tana juyawa, tana dariya tana hawaye, ƙaninta ya dawo da ransa da ƙafafunsa. Ya nuna musu zinaren daga nesa, a cikin kwalba, bai bari kowa ya taɓa ba. Ya roƙi Nata'ala ya rufe bakinsa.

Sai dai kwana ya yi ta tafiya ba a ji ƙarar guduma ba. Sai ya shiga shago ya rufe, ya narka zinaren, ya zuba, ya zauna yana kallo. Ya kai awartaki zai ɗauka sai warin nan na Agadas ya dawo masa, ya sake mayarwa wuta. Ga shi kowace narka sai ya ɗan ragu. Saura kwana goma biki, 'Yardada ta tura ƙofar shagon ta shiga ta zauna a kan turmi.

"Ba inda za ni sai ka gaya min abin da ke damunka."

Ya yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe ya faɗa mata duka, har bokitin fenti. 'Yardada ta yi dariya har ta zamo daga kan turmin, ta tashi ta tofar da yawu, ta sake komawa dariya. Da ta lafa ta share ido ta ce, "Yanzu me ka yanke?"

"Ban sani ba, Yaya. In na ƙera na rataya mata ban faɗa ba, na cuce ta. In na faɗa ta ƙi, na yi wahalar banza."

"Wuyanka ne ko nata? Kira ta."

Aka kira Sumayya. Ta durƙusa a bakin ƙofa da lalle a hannu na gwaji. Maharazu ya kasa kallonta, ƙasa yake kallo ya ba ta labari tun daga kududdufi har filasko. Da ya zo kan rariya yarinya ta toshe baki.

"Baffa Nata'ala? Cikin Baffa Nata'ala? Tir! Wayyo Gwaggo!"

Ta tashi da gudu ta yi cikin gida, ana jiyo kakarinta a bakin rariyar tsakar gida. Maharazu ya ɗauki kwalbar zai mayar cikin akwati. 

Can sai ga ta ta dawo, ta wanke fuska. Ta tsaya ta daɗe tana kallon uban, leɓen nan da bai warke ba, da wuyan rigarsa da ya yi masa yawa.

"Abba, sau nawa ya shiga wuta?"

"Huɗu."

"To a ƙara ɗaya, a gabana. Ni zan yi zugar. Daga shi kuma ba ƙari, kar a ƙone min sarƙa."

Ta naɗe zani ta zauna a bayan zuga-zugi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta yi ta bugawa gawayi na tartsatsi har zinaren ya narke ya kwanta a kasko yana juyi kamar ƙwai. Maharazu ya zuba, ya bari ya huce, ya sa yatsu biyu ya ɗauka. Kafin la'asar duk layin an ji guduma.

Kwana takwas ya yi a kai. Sarƙar ta fito siririya, ba ta kai yadda ya so ba don abin da wuta ta ci, amma 'yan kunnen kam ba a taɓa ganin irinsu a unguwar ba, ƙirar ganyen zogale, kowane ganye da jijiyarsa. Ranar kamu da Sumayya ta fito da su, dangin ango suka yi ta leƙe suna tambayar ko daga waje aka yo odar su, 'Yardada tana bayanta tana guɗa har muryarta ta dushe.

Da aka zo rabon kayan biki, amarya da kanta ta ware faranti guda, ta cika shi da alkaki da nakiya da cinyar kaza biyu, ta ce a kai wa Baffa Nata'ala a zaure, kuma a gaya masa ta gode, amma kar ya shigo yi mata murna sai ya yi wanka. Nata'ala ya cinye tas, ya suɗe yatsu, sannan ya leƙa shago ya ce wa Maharazu ya ara masa sabulu.